Kwaɗon Da Na Zana Wa Manya

A ɗakin sama na zana shi, kan tudun Valparaíso,
inda kwanon rufi ke kuka in iskar teku ta taso,
shekarar da Leonor ta kwashe kayanta
ta bar mini kujera ɗaya da takardar bashin banki.
Na ba shi fata kore shar, idanu kamar faifai,
hula ƙarama, da suna Pancracio:
mai karɓar bashi, mashayi, bakinsa ba linzami.
Minti bakwai duk wata.
Ni ne hannun, ni ne muryar,
ba kamfani, ba mai ce mini rage nan, goge can.
Na rubuta a farkonsa: na manya ne.
Na ɗauka rubutu ƙofa ce mai sakata.

Wata Asabar ina sauka matakala ɗari da sittin
sai na ji dariyarsa,
wadda na kankaro daga maƙogwarona ƙarfe ukun dare,
tana fita daga bakin da haƙoran gaba ba su gama tsirowa ba.
Rayén ce, 'yar Fresia mai suyar kifi,
shekara shida, waya a cinya,
kwaɗona zane da biro a bayan hannunta.

Na ce wa uwar, kin san abin da take kallo?
Ta juya kifi, ita ba ta juyo ba.
"Zane ne fa. Kwaɗo ne mai hula.
Ga mai a wuta, ga mutum tara a layi."
Ban ga laifinta ba.
Ni ma in na hango kore da manyan idanu daga nesa
cewa zan yi na yara ne, in koma kan aikina.

Na'urar da ke zaɓa wa mutane abin kallo
ba ta ƙirga haƙora.
Ta ga ɗan yatsa ya tsaya, sai ta ƙaro,
kamar mai watsa tsaba, ba ruwanta da wanda ya tsattsaga.
Baltasar ɗan aji biyar ya nuna wa ƙanensa,
ƙanen ya kai makaranta a baki, ba a jaka ba,
kafin tashi duk aji sun iya zagin.
Abin da aka ɗora can saman kabad
ai shi ake jawo kujera dominsa.

Na tsuguna. Me kike so a wurinsa?
Na jira ta ce yadda yake gangarowa daga bene,
hular ta riga shi isa ƙasa.
Ta ce, har da wannan.
Sai ta yi shiru tana murza biron da yawu.
"Na talabijin kullum murna suke, ko an buge su.
Shi kuwa in ya shiga banɗaki yakan buɗe famfo
don kada a ji yana kuka.
Babana ma haka yake yi."

Jirgin ruwa ya yi ƙugi a tasha.
Kifi ya ƙone gefe ɗaya.
Na hau matakalar nan, ban ƙirga ba wannan karon.

Ga ni yanzu, dare ya raba, fitila ɗaya,
Pancracio na kallona da idanun da na ba shi.
Na goge kwalbar da ke hannunsa,
na mayar,
na sake gogewa.
Zagi uku na cire, na huɗun ya ƙi fita,
in ya fita ba shi ba ne kuma.
Ban san wa nake wa zane ba yanzu,
ko mai gemu a ɗakin haya,
ko mai wushiryar gaba a gindin tukunya.

Famfon dai na bar shi a buɗe.