Abin da Hanci Ya Sani a Ijora

Ban taɓa kurɓa ba.
Shekara tara ina dakon akwatunan giya,
kwalbar da ta fashe ce malamata.

Baƙar nan mai kauri, ƙauri take yi,
na ƙanzon da aka manta a wuta,
kumfarta ba ta gaggawar kwanciya.
Farar kuwa ta taso fuu,
ta mutu kafin Madam Folake ta gama zagina.
Ta alkama ba ta washewa,
kamar ruwan ƙarƙashin gadar Eko da damina.

Jiya Barmo ya iso daga gida
da burkutu a jarka,
tsami, ɗumi, dawa tana numfashi.
Na sunsuna.
Sai ga kakata tsugune gaban tukunya,
tana kora ta da muciya.