Ƙaiƙayi a Cikin Jini

Shekara goma sha tara ina soka wa cikina allura,
safe, rana, dare,
wani sa'in a banɗakin tashar jiragen ruwa
da yatsun da sanyin Bergen ya ƙandare.
Ina 'yar sha shida suka raɗa wa ciwon suna:
sukari, nau'i na ɗaya.
Sunan ya shiga tsakanina da takardar tuƙin jirgi,
ya zaunar da ni bayan gilashi ina yankar tikiti,
ina ƙirga masu tafiya Askøy, ina ba su canji.

Sai ga sabuwar likita, Ingunn Tveiterås,
da tabon tawada a bakin aljihunta.
Ta ture takarduna gefe, ta ce, "Wa da wa a gidanku?"
Na ce babana, Oddvar.
Na ce kakata Borghild, siririya kamar sandar fatsa,
wadda aka yi ta wa faɗa ta rage ci.
Na ce gwaggona da ke Stord.
Ta zana mu a bayan ambulan,
layi ya sauko bai tsallake kowa ba,
kamar igiyar da ke riƙe jirgi a gaɓa.

Kwalba uku ta cika daga gwiwar hannuna.

Ga abin da ta farko ta faɗa:
insulin na kanti tsaba ce, an sheƙe ta tas,
wanda jiki ya sussuka da kansa kuwa
da ƙaiƙayinsa yake fitowa.
Sun tarar da ƙaiƙayi a jinina.
Ashe duk shekarun nan akwai mai aiki a masussuka,
a hankali, cikin duhu,
ba wanda ya leƙa ya ce masa sannu.

A ta biyu sun nemi sawun dakarun garkuwa,
irin waɗanda kan juyo su cinna wa rumbun gida wuta.
Babu sawu. Babu toka.
Yaƙin da aka ce an ci ni, ba a taɓa yin sa ba.

Ta uku ta fi wuyar ganewa:
wani sinadari da hanta ke saki,
nawa ya yi ƙasa, ƙasa da na mai lafiya ma,
kamar mai magana a ɗakin da jariri ke barci.

"Waɗannan ba alƙalai ba ne," in ji ta,
"masu nuna hanya ne kawai.
Sai an karanta ƙwayar gadon."
Mako bakwai na jira.
Harafi ɗaya ne ya kauce daga layinsa,
tun kafin Borghild, wa ya san tun yaushe.

Yanzu rabin ƙwayar magani nake haɗiya da kofi.
Rabi.
Gurbin allurai a ƙofar firji ya zama na man shanu.
Mutane na cewa barka,
ni kuwa ranar farko a mota na zauna
ina dukan sitiyari har tafina ya yi ja.
Wa zan kai ƙara? Babu wanda ya yi ƙarya.
Sun amsa tambayar da suka iya yi ne.

Na je wurin Baba ranar Lahadi.
Na share ganyen da ruwa ya manna a kan dutsensa,
na ce masa ba burodi ba ne, ba kasala ba ce,
ba kai ka jawo wa ƙafarka ba.

Da dare Sindre na aikin lissafi a teburin girki,
shekararsa tara, yana tauna gindin fensir.
Rabi da rabi, haka likita ta ce.
Na dubi koren jijiyar da ke gwiwar hannunsa,
ya ɗago ya ce, "Mama, mene ne?"
Na ce ba komai, bakwai sau takwas nawa?