Shuɗin Kofi

A Bradford ruwan sama ba ya sallama,
zuwa kawai yake, ya kwana a jikin taga.
Daren da Yaya Nafi'u ya faɗa mini,
ruwan ma sassautawa ya yi don ya ji.
Ya ce ƙanjamau. Ya ce shekara uku ke nan.
Da shi yake tuƙa tasi, da shi yake tashi asuba.
Na ce Allah ya sawwaƙe,
da irin muryar da ake yi wa baƙo jaje a tasha.

Washegari na ware masa kofi.
Shuɗi ne, bakinsa ya ɗan ɓantare.
Na ɗiga masa jan farce a gindi
don kada ya saje da 'yan'uwansa.
Ya ga ɗigon. Na ga ya gani.
Ya shanye shayinsa, har da cewa sukari ya ji.

Sai ran Lahadi a bakin ƙofa,
Suhaila ta rugo da takalmi ƙafa ɗaya,
ya cilla ta sama kamar kullum,
ya sumbaci kumatunta,
ita ma ta manna masa tata mai danƙon alewa.
Ban san sa'ad da na fizge ta ba.
Na kai ta famfo, na dirje wurin da sabulu,
tana kuka, tana tambaya me ta yi.
Da na fito babu kowa,
sai ledar lemu a kan dakali
da ƙarar tasi tana shan kwana.

Sati shida bai tako ba.

Na kai yarinyar asibiti, wai a gwada ta.
Nas ɗin, Moira, mai tabarau a kan karan hanci,
ba ta yi mini dariya ba.
Da ta yi, da na sami abin riƙewa.
Ta ce zauna.
Yawu ba ya dakon wannan kaya.
Jini ne hanyarsa, da ruwan saduwa,
da nonon uwa, da allurar da aka yi tarayya.
Sumba a kumatu? Ko a leɓe ne.
Kofi, cokali, tari, hawaye, babu ko ɗaya.
Mai shan maganinsa kullum kuwa,
har awo ya daina ganin ƙwayar a jininsa,
ko matar aurensa ba ya shafa wa.
Ta ce, wa ya sumbace ta?
Na ce wana.
Ta ce, to 'yarki tana da kawu,
abin da ya same ta ke nan.

A bas na tuna Malumfashi,
shekarar da ƙyanda ta kwantar da ni.
Yara suka watse, aka ja labule.
Shi ne ya zauna yana hura mini kunu,
ya ɗanɗana, ya miƙo,
cokali ɗaya tsakaninmu.
Yana ɗan shekara tara.
Ba wanda ya ɗiga mini komai a gindi.

Na kira shi sau huɗu kafin ya ɗaga.

Ya zo ran Juma'a, rigarsa jiƙe da yayyafi.
Na zuba shayi kofi biyu,
na tura masa farin, na ɗauki shuɗin.
Na kankare ɗigon da wuƙa tun safe
amma ja ba ya fita duka,
akwai saura a cikin tsagar.
Bai ce komai ba. Ni ma haƙurin ya maƙale a wuya.

Suhaila ta rugo.
Ya miƙe tsaye, ya kai hannuwansa baya,
ya harɗe su kamar ɗalibi gaban hedimasta.
Ni na koya masa wannan tsayuwar.
Cutar ba ta taɓa hana shi ɗaukar yaro ba.

Yarinyar ba ta san karatun da aka yi ba.
Ta kama wandonsa, ta taka gwiwarsa,
tana hawa kamar mai hawan mangwaro,
shi kuwa ni yake kallo,
yana jiran izini
a kan abin da tun asali nasa ne.