Fayil Na Uku

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da alƙalami
a ɗakin ajiyar takardu na kotun Garwa,
inda fanka ke kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan,
gara kuma tana cin shari'un da aka manta.
Yau da hantsi aka dire mini sabon fayil.
Tun ban buɗe ba na gane shi,
yadda makiyayi ke gane sawun kura.

Isiyaku Bawa, ɗan babur, mazaunin Yalwa.
Hannuna ya san sunan nan.
Sau biyu ya taɓa rubuta shi.

Na farko da damina ne, Binuwai ta cika ta batse.
Atine, mai sayar da kifi a bakin gada,
ta zo da zane a yage, murya a dishe.
Kafin mako ya zagayo, sai ga dattawa da manyan riguna:
a rufa asiri, a bar wa Allah.
Rago ɗaya, jaka hamsin, aka shafa fatiha.
Ni na buga takardar janye ƙara.
Na tuna har kuskure na gyara a layi na huɗu,
don kada takarda ta fita da aibi.

Na biyu Rifkatu ce, mai aikin dare a masaƙa.
Ta hau bayansa ya kai ta gida,
ya bi da ita hanyar da ba fitila.
Alƙali ya ce shekara biyar.
Aka yi rangwame, aka yi afuwa,
damina biyu kacal ya ji daga cikin kaso.
Ya fito har da tumbi, ya sayi sabon babur,
ya ɗaga mini hannu a kasuwa, ni kuma na amsa.
Rifkatu ta bar aiki, ta bar gari,
an ce tana Gidar wajen gwaggonta,
ba ta leƙa waje in rana ta faɗi.
Ita wa zai yi mata afuwa?
A wane bango take ƙirga kwanakin da suka rage?

Ta ukun ga ta can a benci,
Dudu, mai koyon aikin jinya.
Uwarta na riƙe mata takalmi kafa ɗaya,
ɗayan yana hannun jandarma, an ɗaura masa lamba.
Ba ta yi kuka ba.
Ta dube ni ta ce, "Malam, wai da gaske ya taɓa yi?"
Na sunkuya ina neman abin da bai faɗi ba.

A waje, gindin dalbejiya, gardama ta kaure.
Wannan ya ce a dandaƙe shi,
wancan ya ce rai da rai, a jefa mabuɗi a kogi.
Lauya yana share gumi, yana cewa ɗan Adam yakan tuba.
Yakan tuba, ban musa ba,
amma ya tuba a inda ƙofa ke da sakata.
Maciji ya sari mutum biyu a rami guda,
duk unguwa ta ga ramin, ba wanda ya toshe.
Na ukun, dafin wa ke jikinta?

Doka za ta ce karo na biyu ne,
don na farkon an janye, ba ya cikin lissafi.
Doka da takarda take ƙirga.
Ni da fuska nake yi.

Na hau kujera na sauko da tsofaffin biyun,
na kakkaɓe ƙasar gara,
na ɗaure su da sabon a igiya ɗaya.
Na Atine na ɗora a sama,
mai hatimina, mai sa hannuna.
Matakala goma sha bakwai ce zuwa ofishin mai gabatar da ƙara.
Yau ban aiki masinja ba.