Kwaɓin Da Ya Ƙi Tashi

Shekara tara ina gasa burodi a Gangare.
Makulli a aljihuna, magana a bakina.
Ma'aikata shida, na ƙirga hannaye goma sha biyu,
ban taɓa ƙirga kawuna ba.

In na shigo, hira ta mutu.
In na fita, ta farfaɗo bayan buhunan fulawa.
Ni kuwa na ɗauka kwarjini ne.

Sai ga Agusta da ruwansa mai naci,
sanyin Jos ya ratsa kwano, ya ratsa ƙashi,
ya sauka cikin kwaɓi ya kwanta.
Burodi ya fito kamar tubalin gini,
masu shayin Taminus suka dawo min da shi
kwali bisa kwali, ko sallama babu.
Na ƙara yis. Na ƙara faɗa.
Na zaftare wa Gyang kuɗin kwana biyu
don dai laifi ya sami wurin zama.

Wata asuba ina zaune kan bokiti ina lissafi,
Ɗanliti mai shara ya tsaya, tsintsiya a hammata.
Ya ce, Maigida, kyanwar nan ta fi mu wayo.
Duba inda take kwana.

Na duba.
Jikin bangon tanderu, ta baya,
inda ɗumi ke rage har gari ya waye.
Mu kuwa kwaɓinmu na bakin taga
tun ranar da na ce a can za a ajiye shi.

Muka ja katako, muka jera tire.
Kafin a idar da sallah
kwaɓi ya kumbura ya ɗaga mayafinsa.

Na ce, tun yaushe ka sani?
Ya ce, sati uku.
Me ya hana ka faɗa?
Ya dubi tsintsiya, ya ce,
ranar da Gyang ya ce injin na kuka
ka ce wa ya ari bakinsa.

Ban ci abincin rana ba.

Yanzu duk Litinin akwai shayi kafin aiki,
ni nake zubawa, su suke magana.
Makon farko ba abin da aka ji sai kurɓa.
Na biyu Kachollom ta ajiye biro ta ce
masu keke ba sa iya sayen babba,
a yanko musu ƙarami mai shiga aljihu.
Bawa direba ya ce hanyarmu a juye take:
a fara da Farin Gada, lokacin sauke kabeji,
masu dako na jin yunwa tun ƙarfe huɗu,
mu muna isa rana ta take.

Ba duka ke ci ba.
Gyang ya kawo burodin dankali,
buhu biyu suka tafi, ko awaki sun yi yanga.
Faɗa ya hau maƙogwarona ya tsaya,
na kora shi da shayi.
Na miƙa masa kuɗin kwana biyun nan.
Ya ƙirga a gabana, bai yi godiya ba,
kuma ban ga laifinsa ba.
Shi ne daga baya ya gano inda gas ke zurara.

Ba zan ce na gyaru ba.
Har yau nakan tari numfashin mutum,
sai Kachollom ta buga cokali a kofi
in koma in zauna.

Kwalayen sun daina dawowa.
Ɗanliti ne ke duba kwaɓi yanzu,
da ƙarin albashi da farar riga,
tsintsiya kuwa tana zagayawa, har kaina.

Kyanwa ce kaɗai ta yi asara.
Mun ƙwace mata wurin kwana,
tana zaune kan buhun sukari
tana harara ta duk asuba.