Ajin Talata da Dare

Ƙarfe shida nake rufe ɗakin haɗa hoto,
in hau babur, in ƙetare gada
zuwa Harobanda, alli a aljihu.
Awa uku ne rabona a jami'a,
kuɗin kuwa sai an manta ake biya.

Ɗalibaina duk sun girme ni.
Barmu ɗan duwan, zufar yini a kakinsa,
ya ba jaruminsa wa'azi shafi tara.
Na ce rage, ido muke ciyarwa.
Ya ce, Malam, ka fi mu iya ƙwace.

Zalika ungozoma kullum a makare,
hannunta na ƙamshin sabulun asibiti.
Jiya da aka ɗauke wuta
ta haska waya, ta karanta:
"Miji a bakin ƙofa.
An miƙo masa zane a naɗe.
Ya leƙa. Ya tuɓe takalmi,
ya zauna ƙasa."
Iyakar abin ke nan.

Na ɗaga jan biro, na rasa inda zan sa.

Nawa labarin shekara goma sha ɗaya
yana kwance ƙarƙashin gado.
Na jawo shi kafin asuba,
na fara soke surutu.