Ƙaurin Roba

Ranar Laraba ce, ana dab da azahar,
na ji ƙaurin roba a ofishinmu na Samaru.
Na leƙa ƙarƙashin tebur,
ga hayaƙi siriri yana miƙa kamar wanda ya tashi daga barci.
Wayar tebur ta yi tsit.
Shekara shida tana kuka a kunnena,
yau ta tafi babu ko sallama.

Ishaya mai gyara ya zo da 'yar jakarsa,
ya kifa ta, ya ƙura wa rubutun bayanta ido.
"Ladidi, wa ya ba ta wannan caja?"
Na ce tata ce ta ɓata, na ari ta firinta,
ai baki ɗaya ne, ta shiga daram.
Ya yi dariya har da riƙe ƙugu:
"Ba duk hular da ta shiga kai ce taka ba.
Dubi nan, biyar take ci,
kin ɗura mata ashirin da huɗu.
Jariri kika ba tuwon dawa."

Ya ce in an ɗauke wuta a zare ta daga bango,
don wutar da ta yi yaji da fushi take dawowa.
Ta janareta ma a bari ta daidaita numfashi.
Ya raba ta da soket ɗin butar shayi,
ya ɗage igiya daga inda ruwan goge-goge ke bi.

Sabuwa ta iso daga Sabon Gari
da ɗan abin kunne marar igiya.
An gabatar da su ga juna, fitila ta yi kore,
shi ke nan, an kwance mini turke.
Manomi ya kira daga Soba yana neman irin masara,
ina tafe muna magana har cikin sito,
na karanta masa abin da ke jikin buhu
hannuna biyu a sake.
Wuyan da ya karkace don maƙale waya
ya tuna yadda ake miƙewa.

Sai dai abin kunne ba ya rufe kunnensa.
Wani dattijon Maƙarfi ya ce in jira shi,
na juya ga Tanimu masinja na ce,
"Wannan da ciniki kamar mai sayen akuya!"
Sai murya ta taso daga cikin kaina:
"Akuyar ma ai sai an taya, 'yata."
Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.
Buhu bakwai ya saya, yana ta dariya.

Yanzu ƙarfe huɗu in ta yi
ina kwantar da shi a mazauninsa ya sha wuta,
in duba maɓallin shiru sau biyu,
in taɓa caja da bayan hannu ko ta yi zafi.
Kafin in ja ƙofa kuma
sai na tsaya, na shaƙi iskar ɗakin.
Hanci ne ya fara gaya mini wancan karon.